Masu Kwana Cikin Kara

Ranar da suka gudo daga Kurya Madaro, Bara'atu ba ta ɗauko kaya ba. Zanen da ke jikinta ne kawai, sai wani ƙullin tsumma da ta fizgo daga jikin rumbu lokacin da ake ta ihu ana cewa ga su nan tafe. Ba ta ma san abin da ke ciki ba. Sai da suka iso Kaura Namoda ita da mahaifiyarta Kulsumu, ƙafafu duk sun kumbura, sannan ta kwance ta ga irin kabewa ne. Irin kabewar babanta, Bawa.

Shi Bawa ba ya cikin waɗanda suka gudo. Tun kafin wannan rana mutanen daji suka same shi a gona tare da wasu, suka tasa su gaba. Wasu sun dawo daga baya, a rame, ba sa son magana. Shi bai dawo ba, kuma babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Saboda haka ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma daina jira ba.

Kabewar tasa ba irin wadda ake jibgewa a kasuwa ba ce. Doguwa ce mai wuya, bayanta kore da ɗigo-ɗigon fari, cikinta ja kamar manja. In aka sa ta a miyar taushe, har maƙwabta sai sun san an yanka ta. Daga Badarawa mahaifiyarsa ta zo da irin tun tana amarya, shi kuma ya riƙe shi shekara da shekaru a bayan gida. Waɗanda ya taɓa ɗibar wa duk sun watse, wasu Gusau, wasu Shinkafi, wasu ba a san inda suka nufa ba. A iya sanin Bara'atu, abin da ke cikin tsumman nan shi kaɗai ya rage.

Wata dattijuwa mai suna Hajiya Tasalla, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita ta ba su ɗaki a ƙuryar gidanta, don ta san kakar Bara'atu tun suna 'yan mata. Gidan yana kusa da tsohon layin dogo. Ban da Hajiya akwai ɗanta Sirajo, direba ne mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, da matarsa Rashida, da jaririyarsu Asiya. Kulsumu ta kama ɗinkin hula. Bara'atu kuwa tana taya Hajiya suyar gyaɗa da kai niƙa. Ba ta da yawan magana. Ko gaisuwa za ta yi, kai a sunkuye, murya can ciki, har Rashida kan tsokane ta ta ce, "Ke Bara'atu, da ni kike gaisawa ko da ƙasa?"

Tsakanin ɗakinsu da bayan ɗakin Rashida akwai wani ɗan lungu inda ake zubar da toka. Da damina ta faɗi, Bara'atu ta raba irin gida biyu, ta shuka rabi a nan. Ya tsiro, ya yi yaɗo, ya hau katanga, ya yi furanni manya-manya rawaya. Ƙananan 'ya'ya suka fito a gindin furen, kowanne kamar babban yatsa. Sai su ɗan kwana biyu su yi rawaya, su yanƙwane, su faɗo. Ta ƙara taki. Ta yi wa ruwa hanya don kada ya kwanta a gindi. Hajiya ta ce ƙasar gari ce, ba ta karɓar kabewa. Sirajo ya ce ƙwari ne, ya sayo magani ya fesa mata da hannunsa. Har ruwa ya ɗauke ko ɗaya ba ta tsaya ba.

Kulsumu ta kwance tsumman ta dubi abin da ya saura. Ba ta ɗaga ido ta kalli ɗiyarta ba ta ce, "Iri ba shi daɗewa yana jira. In bai yi ba da daminar da ke tahe, shi ke nan."

Rani duka Bara'atu ta yi tana juya maganar a ranta. Me bayan gidansu na Kurya yake da shi wanda nan babu? Wata rana tana kakkarya kara za ta hura wuta, sai ta ga bakin wani guntu a toshe da busasshiyar laka, sumul kamar da yatsa aka shafe. Ta tsaya da shi a hannu. A nan ta tuna da darnin babanta.

A ƙauye kowa yakan sake darnin gidansa bayan girbi, a kafa sabon kara, tsohon kuma a kai shi murhu. Bawa yakan sake ko'ina ban da gefen gabas, inda kabewa ke hawa. Wannan sai ya bar shi ya yi baƙi, ya karkace, ya yi ta tokare shi da itace. Abokan wasansa suna masa tsiya, suna cewa, "Bawa, in kara ne ya gagare ka, faɗi mu haɗa maka." Sai ya yi dariya ya ce, "Akwai masu kwana ciki. Ina zan kai su?"

Tana ƙarama ya taɓa ɗaga ta ya nuna mata su. Ƙananan ƙudaje ne, dangin ƙudan zuma, amma ba sa taro, ba sa saƙa, ba su da zumar da mutum zai sha. Kowace ita kaɗai take rayuwarta. Ta sami ramin kara ta shiga, ta tara garin fure, ta yi ƙwai, ta toshe bakin da laka ko da ganye, ta yi gaba. Da safe in rana ta bugi darnin sai su fito su faɗa cikin furen kabewa, su fito jikinsu duk ya yi rawaya kamar an barbaɗe su da kurkum. Bai taɓa ce mata su ne ke sa kabewa ta tsaya ba. Wataƙila ya ɗauka ta gane. Wataƙila jira yake ta ƙara girma.

Nan gari kuwa bulo ne da kwano ko'ina, ga maganin sauro da ake fesawa kowace yamma. Da ta yi tunani sosai, sai ta ga duk daminar da ta wuce ba ta ga abin da ya shiga furen nan ba sai tururuwa.

Kafin ruwan farko ta zaɓi karan dawa masu kauri daga cikin na girki, ta yanyanka su gajeru, ta bar gaɓa a ƙarshen kowanne. Wasu ta rarake totuwarsu da wata tsohuwar waya, wasu ta bar su yadda suke, don ta tuna akwai ƙananan da suka fi son su haƙa da kansu. In an aike ta niƙa sai ta bi ta gefen layin dogo, inda ciyawa ta daɗe ba a taɓa ta ba, tana duba busassun karare. Duk wanda ta ga bakinsa a toshe sai ta karyo shi a hankali ta soke a cikin zane. Da haka ta haɗa dami biyu ƙanana.

Sai maganar inda za ta rataye su. Dole wurin ya fuskanci gabas, kuma kada ruwa ya riƙa dukansa. Duk lungun babu wuri irin wannan sai ƙarƙashin kwanon ɗakin Rashida, dab da tagarta. Bara'atu ta je ƙofar ɗakin da niyyar neman izini. Ta yi sallama, Rashida ta amsa, sai maganar ta maƙale mata, ta ce ta zo aron tsintsiya ne. Ta sake komawa wata rana, ta dawo da ludayin da ba ta bukata. Daga ƙarshe, ranar da Rashida ta tafi suna, ta taka turmi ta buga ƙusa ta rataye su. Ta ce a ranta in an tambaye ta sai ta yi bayani.

A ƙasa ta ajiye tsingaro da jiƙaƙƙiyar laka. Tafasa da rai-ɗore da suka fito a lungun ba ta cire su ba, ta kuma shuka sure, wato yakuwa, da kuɓewa a gefe don fure ya yawaita. Sannan ta juye duk irin da ya rage a cikin ƙasa, ta karkaɗe tsumman, ta ninke shi ta ajiye. Biyu suka tsiro. Akuyar Hajiya ta tsinke igiya ta cinye ɗaya. Saura ɗaya.

Kowace safiya in ta gama shara sai ta je ta tsuguna a lungun. Da farko shiru. Can wata safiya sai ga wata 'yar baƙa mai sheƙi tana shawagi a bakin damin, ta leƙa wannan rami ta fito, ta leƙa wancan, kamar mai neman ɗakin haya. Bara'atu ta riƙe numfashi har sai da ta ga ta shige ɗaya ta daɗe. Bayan ita wasu suka biyo. Akwai mai ratsin fari a baya, wadda ke sauka a tsingaro ta dunƙulo laka. Akwai mai yankan ganye, wadda ke zuwa kan tafasa ta yanke ganyen zagaye kamar kwabo, ta rungumo shi a ƙarƙashinta ta shige da shi. Har wasu daga cikin kararen layin dogo suka buɗe, sababbi suka fito.

Karatun Bara'atu bai yi nisa ba, tana aji uku aka rufe makarantar ƙauyensu. Amma tana son ta san wane kara aka shiga, kuma wa ya shiga. Sai ta riƙa tsince guntayen zaren da ke zuba daga ɗinkin hular mahaifiyarta. Karan da aka toshe da laka ta ɗaura masa baƙin zare. Wanda aka toshe da ganye ta ɗaura masa ja. Wanda ake kan shiga da fita ta ɗaura masa fari, in an rufe ta sauya. Tana ɗaurawa tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, abin da ba ta iya yi da mutane. "Sannu da aiki. Ke ce ta jiya ko wata ce?"

Wata rana Rashida ta leƙo ta taga da Asiya a kafaɗa. "Bara'atu, wanga mi ne ne kika rataya mani? Tsintsiya ce ko kayan lefena ne sunka iso?"

Ga dama ta samu. Bara'atu ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Ta sunkuyar da kai ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, Yaya."

Rashida ta ɗan tsaya tana kallon zaren, ja da baƙi. Sannan ta saki labule.

Marka ta kankama. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, sauro ya yi yawa. Kabewar ta kai saman katanga ta fara fure, har wasu masu 'ya'ya a gindi sun soma leƙowa. A daidai lokacin ne zazzaɓi ya kama Asiya. Jikinta ya yi zafi rau, ta ƙi nono, ta riƙa firgita tana sanƙarewa. Aka sayo magani a kemis, zafin ya sauka ya dawo. Sirajo kuma yana Shinkafi, an tare hanya, motoci sun daina fitowa. Rashida ta yi zuru-zuru, ba barci ba abinci.

Matan maƙwabta suka riƙa shigowa dubiya. Wata daga cikinsu ta ɗaga labulen taga don iska ta shigo, sai idonta ya faɗa kan damin. Ta yi salati ta ja baya. "Wanga fa? Wa ya ɗaure shi saitin kan yarinya? Dubi zaren, baƙi da ja!"

Rashida ta ce, a hankali, kamar mai magana da kanta, "Kullum da safe tana nan tsugune tana yi mashi magana. Na tambaye ta, ta ce ba komai."

Rashida ba muguwa ba ce. Ita ce ta ba Bara'atu takalmi da mayafi a makon da suka zo. Amma ɗiyarta ce kwance tana numfashi sama-sama.

Bara'atu ta dawo daga niƙa da robar gyaɗa a ka, tun daga zaure ta ji wani ƙauri. Tana shigowa ta ga dami ɗaya a murhu, wuta na cin sa, kararen na fashewa tas-tas, zaren na naɗewa yana baƙi. Ɗaya damin yana hannun Rashida. Ba ta san lokacin da ta dire robar ba. Ta ruga ta cafke shi da hannu biyu ta rungume a ƙirji. Rashida ta ja, ita ma ta ja.

"Kai! Kai!" Hajiya Tasalla ce ta fito daga ɗakin suya tana goge hannu. "Cikin gidana? Mi ya faru?"

Rashida ta saki damin ta fashe da kuka. "Hajiya, ki tambaye ta. Munka ba su wuri, munka ci da su kwano ɗaya. Mi Asiya ta yi mata? Ta gaya mani mi ɗiyata ta yi mata!"

Kulsumu na tsaye a ƙofar ɗakinsu da hula a hannu. Ta san abin da ke cikin karan nan, ai ita ta zauna da Bawa. Bara'atu ta ɗaga ido ta dube ta. Amma Bara'atu 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Kulsumu ba ta taɓa kiran sunanta ba, balle a ce ta tsaya gaban mutane tana tare mata faɗa. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwarta ta yi mata. Ta sadda kai ta ce, "Hajiya, ɗiyarki ce. Abin da kika gani shi za a yi." Allurar da ke hannunta ta soke ta a yatsa, ba ta ko motsa ba.

Hajiya ta jawo kujera ta zauna. "Bara'atu, taho nan. Ni ban ce kin yi komi ba. Amma gidan ga akwai marar lahiya, kuma idon mutane ya gani. Ko ki gaya mani mi ne ne wanga, ko shi bi ɗan'uwanshi wuta kowa ya huta."

Bara'atu ta durƙusa. Ta ji idanu duk a kanta kamar an ɗora mata dutse. Da ƙyar ta ce, "Ƙudaje ne."

"Ƙudaje!" in ji maƙwabciyar nan, tana tafa hannu. "Yau na ji abu. Wa ke ɗaura wa ƙuda zare?"

Bara'atu ta dubi damin da ke cinyarta. A tsakiya akwai wani kara mai jan zare, shi ne na farko da aka rufe. Ta ga uwar da ta yi shi tana ta jigilar ganye safiya bayan safiya, har gefen fukafukanta ya yayyage. Ta san in ta buɗe shi, abin da ke ciki ba zai rayu ba. Ta dubi murhu, ta dubi saman katanga inda furen yake. Sannan ta zare karan.

"Hajiya, a ba ni wuƙa."

Matan suka ja da baya. Hajiya da kanta ta miƙa mata wuƙar yankan kuɓewa, ta turo faifai gabanta. Bara'atu ta tsaga karan a tsaye, a hankali, ta buɗe shi biyu.

A ciki ga wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe na ganye a jere, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba, an naɗe su tsaf, ɗaya na bin ɗaya har ƙarshe. Ta ɗauki guda ta warware da farce. Wani ɗan dunƙule ne rawaya mai danshi, a jikinsa kuma wata farar tsutsa ta lanƙwashe tana motsi kaɗan-kaɗan.

Sai Bara'atu ta ji maganar na fitowa, a gutsure, ba ta ɗaga kai ba.

"Uwarsu ce ta aje masu abinci ta ruhe. Ba ta dawowa. Su kaɗai za su girma su hito. Su ne ke shiga huren kabewa. In ba su shiga ba, ɗiyan zubewa suke, kamar bara. Baba ba shi ƙone darnin gabas saboda su." Ta nuna damin. "Zaren don in san wa ke ina ne. Ja na masu ganye, baƙi na masu laka. Irin ya ƙare, Hajiya. Wagga ɗaya ta rage. Ban yi wa Asiya komi ba. Wallahi ina son Asiya."

Hajiya ta sa yatsa ta dangwali dunƙulen, ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe tana kallon tsutsar. Sannan ta juya. "Kulsumu, haka ne?"

"Haka mai gidan yake yi," in ji Kulsumu.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta miƙe. "Rashida, ɗauko mayahinki ki goya yarinyar ga. Asibiti za mu yanzu, ba mu jiran Sirajo. Tun shekaranjiya ya kamata." Ta dubi maƙwabciyar. "Ke kuma mun gode da dubiya, a gaida gida." Har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Bara'atu, kin rataya abu jikin ɗakin mutum ba ki gaya mashi ba, an tambaye ki kin ce ba komi. Nan ke ce da laihi. Ba za a ƙone shi ba, amma kada ya koma tagar nan."

"To, Hajiya."

Bayan sun fita ta tattara tsagaggen karan da abin da ke cikinsa ta binne a gindin kabewar. Damin da ya tsira ta rataye shi a jikin ɗakinsu, wurin da rana ba ta zuwa sai ta yi yamma.

Da la'asar ta ga abin da ya fi ƙonawar ciwo. Ƙudajen suka riƙa dawowa daga kiwo, wata da laka, wata da ganye a rungume, suna zuwa daidai inda ƙusar take. Su yi shawagi a gaban bangon da babu komai, su bugi bulo, su koma baya, su sake dawowa. Ga damin can, taku kaɗan, amma ba su san shi a nan ba. Wata ta gaji ta saki ganyenta ya faɗo ƙasa. Bara'atu ta tsuguna tana kallo har aka kira magariba. Ta san wannan dawowar, a zo wurin da aka sani a tarar babu.

Washegari da ta fito shara, sai ta ga an kafa wata gwafa a cikin lungun, doguwa, tana tsaye dab da tsohon wurin amma ba ta taɓa bangon Rashida ba. An ɗaure damin a kanta yana kallon gabas, an kife masa tsohuwar tasa a sama don ruwa. Kulsumu na bakin randa tana wanke laka daga hannunta. Ba ta juyo ba. Ta ce, kamar da randar take magana, "Mutum ya aje abu inda rana ba ta bugunshi. Ban san wa ya koya mashi haka ba."

Bara'atu ta ci gaba da shara, hawaye na ɗiga a kan tsintsiya.

Wasu ƙudajen sun gane damin, da yawa ba su sake dawowa ba. 'Ya'yan kabewar da suka fito a kwanakin nan duk suka yi rawaya suka zube. Bara'atu ta riƙa tsince su tana binnewa.

Asiya ta yi kwanaki a asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa da na jini. Ta dawo a rame, wuya kamar zare, amma tana kama nono. Rashida ba ta ba Bara'atu haƙuri ba, ba ta kuma sake tsokanarta ba. In sun haɗu a bakin rijiya kowa sai ya kau da kai. Labulen tagar ya zauna a sake.

Ruwa ya fara ja baya. Ganyen ƙasa na kabewar suka soma bushewa. Can a ƙarshen yaɗon, inda ya sauko daga katanga ya bi ta gefen tagar Rashida, wani fure mai ɗa a gindi ya buɗe da sassafe. Bara'atu ta tsaya nesa kaɗan don kada inuwarta ta kore su. Rana ta taso ta bugi damin. Shiru. Sai can mai ratsin farin nan ta leƙo daga wani kara mai farin zare, ta tsaya tana shan ɗumi, ta goge fuska da ƙafafun gaba. Ta tashi ta faɗa wani fure da ke saman katanga, ta fito rawaya fes. Ta yi shawagi, ta wuce kan sure, ta dawo. Sannan ta shige cikin wancan furen mai ɗa a gindi.

Bara'atu ba ta gaya wa kowa ba. Ta taɓa ganin irin wannan ɗan ya yi kwanaki sannan ya faɗi. Kowace safiya sai ta zo ta dube shi ba ta taɓa ba. Furen ya yanƙwane ya faɗi. Ɗan bai yi rawaya ba. Ya yi kore shar, ya fara tsawo, ya fitar da wuya, ɗigon fari ya bayyana a bayansa.

Kabewar nan ita kaɗai ce ta tsaya. Da ta yi nauyi sai yaɗon ya fara rinjaya, yana neman tsinkewa daga katanga. Bara'atu ta kwana tana tunanin yadda za ta tallafe ta ba tare da ta taɓa ɗakin da aka hana ta ba. Da safe ta tarar an riga ta. An sa wani tsohon majanyi an tallabo kabewar, an ɗaure bakinsa biyu a ƙarfen taga, kamar yadda ake goyo.

Daga bayan labule muryar Rashida ta fito, a daƙile. "Kada ta faɗo ta tada mani yarinya daga barci."

"Na gode, Yaya."

"Ɗaga murya, ba da ƙasa kike magana ba."

Sai bayan an gama yankan dawa suka cire ta, da mariƙinta ya bushe. Kulsumu ce ta yanka ta a tsakar gida. Wuƙa na shiga ƙamshin ya tashi, cikin ja kamar manja. Ta tsaya da wuƙar a hannu tana kallon cikin. Aka yi miyar taushe, aka kai wa kowane ɗaki, har da maƙwabciyar nan. Kulsumu ta kai loma ɗaya ta ajiye, ta shiga ɗaki ta sako labule.

Bara'atu ta wanke irin ta shanya a faifai, ta zauna kusa tana korar kaji. Da ya bushe ta ɗauko tsohon tsumman za ta ƙulle, sai mahaifiyarta ta fito ta tsuguna a gefenta.

"A raba shi," in ji Kulsumu. "Kada ya sake zama wuri ɗaya. A ba Hajiya nata. In hanya ta yi kyau Sirajo ya kai wa dangi Badarawa." Ta sa hannu ta ware wani kaso, ta tura shi kan tsumman. "Wanga kuma a aje. Ko mai shi zai zo ya tambaya."

Bara'atu ta ƙulle shi tam. Ta kai ɗaki ta rataye, sannan ta fito ta leƙa lungu. Yaɗon ya bushe, sure ya zubar da ganye, ba a jin motsin komai. Damin na nan a kan gwafa ƙarƙashin tasarsa, bakunan a toshe, zare ja da baƙi na kaɗawa. Hajiya ta riga ta gaya wa kowa a gidan, ko itace ya yanke, kada wanda ya kai hannu wurin.